Fentin da Ido Ba Ya Gani

Mutane kaɗan ne suka taɓa ganin ainihin jikin mota. Sai an kankare fenti, an kankare abin da ke ƙarƙashin fentin, sannan ake isa ga ƙarfen tsura, fari tas, yana sheƙi, da siraran layukan samfefa kwance a kansa. Wannan kyau ba ya daɗewa. A tsakiyar damina, ƙofar da aka goge da hantsi, in aka bar ta ta kwana a haka, da safe za a tarar wani ja-ja ya soma bin ta. Tsatsa ke nan, ta riga gwangwanin fenti isowa. Farfaɗo da tsohuwar mota aiki ne na watanni, amma yawan shekarun da za ta ƙara a duniya ana yanke shi ne a 'yan sa'o'in da ke tsakanin tuɓe ƙarfen da rufe shi da shafin farko, wanda masu sana'ar ke kira firaima.

Mu ɗauki motar da kowa ya sani, Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo. A Faransa ta fito a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can har wajen 2006, shekaru da dama bayan Turai ta daina. Ta yi aikin gwamnati, ta yi tasi, ta ɗauki amare. Waɗanda suka rage da ransu yau sun zama abin ajiya, kuma wanda ya gaji ta mahaifinsa yana so ya ga ta dawo yadda take, injin ba shi ne babban abin da zai ba shi wahala ba. Inji ana sauke shi a sa wani. Bodi kuwa in ya ruɓe, motar ce ta tafi.

Tsatsa abu uku take bukata: ƙarfe, iska da laima. In suka haɗu, saman ƙarfen sai ya rikiɗe ya koma wannan jan gari da muka sani. Alminiyam ma iska na taɓa shi, amma shi fata yake yi siririya mai ƙarfi wadda ke tsare abin da ke ciki. Ƙarfe bai yi wannan sa'a ba. Tsatsarsa kumbura take yi, tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye ninki-ba-ninki, ta tsattsage, ta riƙe ruwa, ta buɗe wa iska hanya zuwa sabon ƙarfen da ke ƙasa. Shi ya sa ƙurjin da kake gani a gindin ƙofa ɗan kaɗan ne daga ɓarnar da ke ciki. Gishiri kuma yana ƙara mata sauri, don haka motar da ta zauna a bakin teku, ko wadda ta zo daga Turai inda ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, takan iso mana da ciwonta a ɓoye. A masana'antun yau, bodin mota gaba ɗaya ake tsomawa cikin wani makeken kwatarni na firaima, a sa wutar lantarki ta ja shafin zuwa kowane lungu. Kamfanin Ford ya soma wannan a shekarun 1960, ingantaccen salonsa ya yaɗu daga ƙarshen shekarun 1970. Kamfanoni irin su Porsche da Audi kuma suka koma ƙera bodi da ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya. Yawancin tsofaffin motoci ba su sami wannan gata ba. Abin da masana'anta ke yi da kwatarni da lantarki, shi gwanin gareji zai yi da hannu biyu da haƙuri.

Kafin ya taɓa komai, sai ya zagaya motar da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin tsumma. Inda ƙarfe ke kusa, maganaɗisun zai kama. Inda ya zame ya ƙi tsayawa, to wani ya taɓa cusa fila mai kauri a wurin, wato wannan ƙullun da ake cike lotsawa da shi. Yana tafe yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana sauraren bambancin amo, yana zana da'ira da alli. Ya san wuraren da ciwon ke kwana: ƙasan ƙofofi, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, bakin madigadi inda laka ke taruwa, mazaunin batir, ƙasan but, da kewayen gilashin gaba a ƙarƙashin roba. Duk abin da ke kwancewa sai an kwance shi, gilashi da fitilu da robobi da kujeru da kafet. Wanda ya liƙe bakin roba da tef ya fesa fenti a haka, ya bar tsatsar a ɗakinta ya rufe mata ƙofa.

Tuɓe tsohon fenti hanya uku ce: maganin da ke narkar da shi, faifan samfefa a bakin inji, ko kuma feshin tsakuwa da iska mai ƙarfi. Gwani yana amfani da duk ukun, amma kowacce a muhallinta. Ƙarfen bodi siriri ne, da ƙyar yake kai milimita ɗaya. In aka tsaya da giranda a wuri guda har ya yi zafi ya ɗauki launin shuɗi, ya riga ya miƙe, kuma ba zai koma yadda yake da sauƙi ba. Haka feshi mai ƙarfi yakan lanƙwasa bonet ko rufin mota, ya bar su da tudu da kwari. Saboda haka feshi na ƙasan mota ne da lungunan da hannu ba ya shiga, shimfiɗaɗɗun wurare kuwa hannu ne ke bin su a sannu. Kuma ba a yin feshin da yashin rafi: ƙurarsa tana taruwa a huhu ta haifar da cutar da ba ta da magani. Niƙaƙƙiyar kwalba da makamantanta su ne suka maye gurbinsa. Wani abu kuma da na ga yana bambanta mai hankali da mai gaggawa shi ne, ba ya tuɓe motar duka a rana ɗaya. Yana tuɓe iyakar abin da zai iya rufewa kafin rana ta faɗi, ƙofa ɗaya yau, madigadi gobe.

Bayan fenti ya tafi, sai a tsuguna a duba da kyau. Za a ga wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo a jikin farin ƙarfe. Ramuka ne, kowanne da tsatsa a gindinsa. Buroshin waya yakan yaudari mutum a nan, domin yana goge saman tsatsar ne ta yi ƙyalli, mutum ya ɗauka ta fita alhali tana nan. Ko dai a bi ramukan da feshi, ko a shafa musu wani ruwa mai asid ɗin fosfarik, wanda ke narkar da tsatsa ya bar wata fata mai launin toka. Shi ma wannan ruwa yana da ladubbansa. Ba a barinsa ya bushe a jikin ƙarfe; tun yana da danshi ake wanke shi sarai, a busar da wurin nan take da iska, domin ragowar asid yana hana firaima kamawa. Inda ƙarfe ya huje ko ya yi laushi har tsinken sukudireba na shiga, babu sauran magani sai yanka. A yanke har inda ƙarfe mai lafiya ya fara, a auna sabon falle mai kauri ɗaya da na asali, a sassaƙa shi da guduma ya ɗauki surar wurin, a yi walda ɗigo-ɗigo, nan ɗaya can ɗaya, ana barin wuri ya huce don kada zafi ya murɗe shi.

Akwai wani ɗan gwaji da ake yi bayan walda wanda ke burge ni ƙwarai. Maigida zai ce wa yaronsa, «Ɗauko tocila, ka shiga ta baya ka haska min.» Yaron ya manna hasken a bayan ɗinkin, shi kuma ya kara tafin hannu a gefen ido yana bin layin daga wannan kai zuwa wancan. Duk inda wani ɗan haske ya ɓullo, ko bai fi bakin allura ba, sai ya ɗiga masa alli. «Oga, wannan ai fila za ta rufe shi.» «Za ta rufe shi ta gaba. Ta baya fa, wa zai hana ruwa shiga?» A sake kunna walda saboda huji uku da ba wanda zai taɓa sanin da su. In da gas da kabayit aka yi waldar, kamar yadda aka saba a garejinmu, sai an kankare ƙonannen ɓawon da ta bari da duk ragowar hodar walda, domin su ma sukan tayar da fenti daga baya. Inda kuma falle biyu za su hau kan juna, fuskokin da za su haɗu ba za a sake ganinsu ba har abada, don haka tun kafin a haɗa ake shafa musu wata firaima mai tutiya wadda walda ke iya ratsawa. Tutiya tana da wata ɗabi'a mai ban sha'awa: in laima ta zo, ita ke fara lalacewa ta bar ƙarfen lafiya. Wannan ne sirrin daɗewar kwanon rufi.

Daga nan sai shirya fuskar ƙarfe. Firaima ba ta son wuri mai santsi, tana son 'yan ƙananan kwaruruka da za ta saƙale a ciki. Ana bin ƙarfen da samfefa mai lamba tsakanin 80 da 180. Ga wanda bai sani ba, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. Sai a hura iska a kowane ɗinki da kowace kusurwa don fitar da ƙura. Sannan wanki, wanda shi ne matakin da ya fi kowanne sauƙi kuma aka fi tsallakewa. Akwai ruwa na musamman mai cire maiƙo da kaki. Tsumma biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu. Na dama ya jiƙa wuri kaɗan, na hagu ya bi bayansa ya share tun bai bushe ba. Dalilin kuwa shi ne, ruwan yana taso da maiƙon ne sama; in aka bar shi ya bushe da kansa, maiƙon ya koma ya kwanta inda yake. Ana juya tsumman, ana sauyawa, har sai fari ya fito fari. Fetur ba ya wannan aiki, domin shi kansa yana barin maiƙo. Daga wannan lokaci ba mai taɓa ƙarfen sai da safar hannu. Zufar ɗan Adam tana da gishiri da mai, kuma tafin hannu guda da aka dafa yana iya fitowa bayan watanni a matsayin tsatsa mai yatsu biyar a ƙarƙashin sabon fenti. Hatta man nan da ake fesa wa dashbod don ƙyalli ba a yarda ya kusanci wurin ba, saboda ɗigonsa kaɗan a iska ya isa ya sa firaima ta riƙa gudu tana barin ƙananan ramuka zagayayyu.

Sai kuma duban gari. Ƙa'idar masu fenti a ko'ina ita ce zafin ƙarfe ya ɗara ma'aunin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3, in ba haka ba akwai laimar da ido ba ya gani a kwance a kansa. Gwaninmu ko ba shi da na'urar awo, ya san ba a feshi da sassafen damina, ko bayan an ɗauke ruwa. Hunturu ya fi dacewa ta fuskar bushewar iska, amma yana zuwa da ƙura, sannan sanyin asubarsa yana rage wa firaima saurin ƙanƙarewa, sai a jira hantsi ya ɗaga. A bazara matsalar ta juya: ƙarfen da ya sha rana yakan busar da feshin tun bai kwanta ba, ya zama gari-gari mara kamu. Saboda haka inuwa, rufaffen wuri mai mafitar iska, da ɗan yayyafi a ƙasa don ƙura ta kwanta.

A kan zaɓen firaima ne aka fi yin asara, domin abubuwa daban-daban ne ke amsa suna ɗaya. Akwai mai asid a cikinta, wadda ke ɗan cin fuskar ƙarfe ta kama. Tana bushewa da wuri, tana da amfani a ƙananan gyare-gyare, amma siririya ce, kuma ba a ɗora fila a kanta. Akwai mai kauri mai launin toka, wadda aka fi gani a garejoji. Aikinta cike ƙananan layuka ne don a goge wuri ya yi sumul. Ita da fila duk halinsu ɗaya da randar ƙasa: a ido a rufe suke, amma laima na ratsa su a hankali. Motar da aka fesa wa irin wannan kai tsaye a kan ƙarfe, aka bar ta a tsakar gareji tana jiran mai ita ya kawo cikon kuɗi, tsatsa na aiki a ƙarƙashin tokar nan kullum. Ta uku ita ce ifoksi, 'yar gida ɗaya da gam ɗin Araldite mai bututu biyu. Ba bushewa kawai take yi ba, ruwa biyu ne ke haɗuwa su ƙulla da juna su zama fata guda mai matuƙar kamu, wadda ruwa da iska ba sa samun hanya a cikinta da sauƙi. A ganina, ga motar da ake so ta kai wa jikoki, babu wata muhawara: ifoksi ne ya kamata ya fara taɓa ƙarfe, sauran duk su biyo baya.

Haɗa shi aikin awo ne. Da farko a motsa gwangwanin har ƙasa, domin sinadaran da ke yaƙi da tsatsa nauyi gare su, sukan kwanta a gindi. Sai a zuba a kofi mai zanen ma'auni gwargwadon yadda kamfanin ya rubuta, wani ɗaya da ɗaya, wani biyu da ɗaya, wani huɗu da ɗaya. Ba a ƙara ruwan ƙanƙarewa wai don ya bushe da wuri; ƙarin ba ya samun abokin ƙullawa, sai ya raunana shafin. Wasu nau'o'in suna bukatar a ajiye haɗin na minti 15 zuwa 30 kafin a fara, don ruwan biyu su soma sabawa. Sannan a tace da mataci zuwa kofin bindigar feshi. Daga lokacin da aka haɗa, sa'o'in amfaninsa ƙidayayyu ne, don haka iyakar abin da za a fesa ake haɗawa. Ita ma iskar sai an duba ta. Kwamfuresa tana tara ruwa a cikinta, musamman da damina. Kowace safiya ana kwance ɗan famfon da ke ƙasan tankin a zubar, a kuma sa matarar ruwa a kan tiyo. Mai kula yakan hura iskar a jikin gilashi mai tsabta ya duba. In ya ga hazo ko ɗigon mai, ba zai fara ba.

Yanzu a dubi hannun. Zai fara gwada feshin a jikin kwali, yana murɗa maɓallan bindiga har zanen ya fito dogo, cikakke, ba ɗigo ba rama. Sai ya fara da wuraren da ke da wuya, gefuna da kusurwoyi da bakin ramukan kusoshi, domin a kaifin ƙarfe shafi yakan janye ya yi siriri, kuma nan tsatsa ke fara leƙowa. Sannan ya fuskanci faɗin. Tsakanin bakin bindiga da ƙarfe kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20. Wuyan hannu a kafe, kafaɗa da ƙafafu ne ke tafiya, don nisan ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ke kaɗa hannu daga wuri ɗaya zai tara shafi a tsakiya ya bar gefe da yunwa. Yana danna kunamar kafin ya iso bakin ƙofar, ba ya sakinta sai ya wuce ɗaya bakin. Kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi. Idonsa ba a kan bindiga yake ba, yana kallon jiƙaƙƙen bakin shafin ne ta gefe, inda haske ke kwanciya, don ya san ko ya ƙara sauri ko ya rage. In ya gama zagaye na farko sai ya dakata, minti goma ko fiye, gwargwadon zafin gari. Ba ya taɓa ƙofar don ya ji ko ta sha iska. Tef ɗin da ke gefe, wanda feshin ya sauka a kansa, shi yake dangwala. Sannan zagaye na biyu. Duka shafin biyu ba su kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Yana ajiye bindiga kuma wanke ta yake yi nan take, domin ifoksi in ya ƙanƙare a ciki, tina ba ta narkar da shi.

A nan dole in faɗi abin da ke damuna. Na sha ganin samari suna feshi da ƙyalle ɗaure a hanci, in sun gama su sha madarar gwangwani wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, tururin kuwa huhu. Ruwan ƙanƙarewar firaima mai kauri da na fentin sama yana ɗauke da wani sinadari mai haddasa asma, ifoksi yana sa fata ƙaiƙayin da ba ya barin mutum, tsohon fentin da ake gogewa kuma ba mamaki akwai dalma a cikinsa. Takunkumi na gaske mai matatar gawayi, wanda ake sauya wa matata a kan kari, shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata, kuma maigidan da ya san aikinsa yana saya wa yaransa kafin ya ƙara wata bindiga.

Ifoksi yana da 'yan kwanaki, ya danganta da kamfani, da zai karɓi wani shafi a kansa su narke da juna ba tare da an goge shi ba. In kwanakin suka wuce, ya yi tauri, sai an kurje shi da samfefa mai laushi kafin a ɗora komai. Shi ya sa za ka ga an rubuta rana da wata a jikin tef an manna a gefe. Kuma ba a barinsa a rana, domin hasken rana yana mai da samansa gari. A kansa ake sa fila, siririya, iyakar inda guduma ta kasa daidaitawa. In samfefa ta huda har ƙarfe ya leƙo, sai a sake fesa wa wurin ifoksi kafin a wuce. Mai shirya mota don kasuwa zai iya gama duk wannan a yini biyu, fila a kan tsatsa, fenti a kan fila, kuma ranar da ta fito za ta yi ƙyalli daidai da ta gwanin. Damina biyu ce ke raba su.

Saura ɗinkuna da ramukan ciki. Duk inda falle biyu suka haɗu ana bin layin da wani danƙo mai rufe tsaga, a kan firaima ba a kan ƙarfe tsura ba. Bayan an gama fentin sama gaba ɗaya, sai a zura siririn tiyo cikin ƙofofi da ginshiƙai da dogon ƙarfen ƙasa, a fesa wani narkakken kaki mai bin tsaga yana korar laima. Ba a yin wannan da wuri, don kaki da fenti ba sa shiri. A ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan huji da masana'anta ta bari don ruwan da ya biyo gilashi ya sami mafita, kuma toshewarsu da laka ce ta ruɓar da ƙofar tun farko. Ana fesa kakin har sai an ga yana ɗigowa ta nan. Bayan ya daskare, a bi hujin ɗaya bayan ɗaya da tsinke a tabbatar a buɗe suke, sannan a mayar da kwalin ƙofa a ɗaure.